Wane kwalin samfurin jirgin B-25 za ka saya don tunawa da mutanen Doolittle?

Ran 18 ga Afrilun 1942, wata huɗu bayan harin da Japan ta kai wa sansanin Amurka na Pearl Harbor, jiragen saman Amurka masu jefa bam ƙirar B-25 guda 16 suka tashi daga kan jirgin ruwan yaƙi mai suna Hornet, ɗauke da mutum 80 ƙarƙashin Laftanar Kanar James Doolittle, suka doshi Tokyo da wasu biranen Japan. Ɓarnar da suka yi ba ta taka kara ta karya ba. Manufar ita ce a farfaɗo da gwiwar Amurkawa da ta yi sanyi, kuma ta farfaɗo. Sun tashi sun san ba za su iya komawa kan Hornet ba: 15 suka ƙare a ƙasar Sin ko gaɓar tekunta, ɗaya ya sauka a Tarayyar Sobiyat. Mutum uku suka mutu a daren, takwas aka kama, aka kashe uku a cikinsu, ɗaya ya rasu a tsare. Sinawan da suka ɓoye sauran kuwa, ramuwar gayyar sojan Japan ta ci rayukan dubun-dubatarsu.

Saboda waɗannan mutane nake haɗa ƙaramin samfurin jirgin na roba, irin wanda ake sayar da sassansa a kwali, shi ya sa shawarata ta farko ita ce ka duba harafin da ke jikin kwali kafin ka duba farashi. B-25B kake nema. Akasarin abin da ke kasuwa B-25J ne, kuma bambancin ba ƙarami ba ne. A ƙirar B, kejin bindigar sama yana can baya wajen bindi. A ta J an dawo da shi gaba, bayan matuƙa, an ƙara mazaunin ɗan bindiga a wutsiya. Wannan kaɗai ya fitar da katafaren kwalin kamfanin HK Models mai ma'aunin 1/32 (wato ɗaya bisa 32 na girman jirgin gaske) daga lissafi. Kyau kam yana da shi, faɗin fukafukansa ya kai santimita 64, amma ba jirginsu ba ne.

Saura biyu ke nan da suka cancanci kuɗinka.

Na Airfix mai ma'aunin 1/72 sabon zubi ne, sassansa suna shiga juna ba gardama, faɗinsa kimanin santimita 29. Kan kanta ma ya ishe shi wurin zama, kuɗin aikowa daga waje bai da nauyi, fenti kaɗan yake ci. Wanda bai taɓa riƙe gam da tsinken ɗaukar ƙananan sassa ba, nan ya kamata ya fara. Illarsa ƙanƙanta: abin da ka sha wahalar fentawa a ciki, da ƙyar ido zai gan shi bayan ka rufe.

Na biyu shi ne zubin Accurate Miniatures mai 1/48, na ƙarshen shekarun 1990, wanda Academy ke sayarwa yanzu a kwalinta. Faɗinsa santimita 43, kuma shi zuciyata ta fi so. A nan ne labarin yake fitowa fili. An tuɓe wa jiragen harin kejin bindigar ƙasa aka sa tankin mai a gurbinsa. An cire na'urar saiton bam ta Norden don kada ta faɗa hannun abokan gaba, aka maye ta da wata 'yar ƙarfe mai arha. A wutsiya kuwa sandunan tsintsiya aka shafa wa baƙin fenti aka kafa, don mai bin su a baya ya ɗauka bindigogi ne. A wannan ma'auni za ka iya miƙar da siriryar roba ka yi sandunan nan biyu, su fito sarai ta cikin gilashin. Duk baƙon da ya zo sai ya tambaya, daga nan hira ta ɓarke. Sai dai yana son haƙuri: bakin murfin injinsa ya ɗan tsuke, masu tsantseni sukan faɗaɗa shi da sanfefa.

Ko wanne ka ɗauka, ka tanadi darma. Jirgin a kan tayoyi uku yake tsayawa, kuma samfurinsa bayansa ya fi nauyi. Nawa na farko, sai da na gama fenti na ajiye shi, ya ɗaga hanci sama ya zauna da gindi, ga shi na riga na manne komai. Ka cusa nauyin a bayan kujerun matuƙa da gaban gidan inji, inda gilashi ba zai tona shi ba.

Launi ba wuya: kore-koren soja a sama, toka-toka a ƙasa. Amma ka duba takardar tambari da kyau, dole tauraron ya zo da jan ɗigo a tsakiya, don sai a watan Mayun 1942 aka cire shi. Lambar jirgin Doolittle 40-2344 ce, kuma a kujerar damansa mataimakin matuƙi Richard Cole ne ya zauna, wanda ya zama na ƙarshen rasuwa a cikinsu, a 2019, yana da shekara 103.

Mai son ganin yadda jiragen suka cunkushe a kan dandamalin jirgin ruwan sai ya nemi samfurin Hornet ta kamfanin Tamiya mai 1/700, tsawonta wajen santimita 36. A can kowane B-25 bai wuce santimita 3 ba, sai da madubin ƙara girma za ka manna masa tauraro.