Ɓallewa da Yardar Gwamnatin Tsakiya ko Ba da Yardarta Ba: Sikotland da Kataloniya

A shekarar 2012 Firaministan Birtaniya David Cameron da shugaban gwamnatin Sikotland Alex Salmond suka rattaba hannu kan yarjejeniyar Edinburgh, wadda ta halatta ƙuri'ar raba gardama kan ɓallewar yankin Sikotland daga Birtaniya ta ranar 18 ga Satumban 2014. Kashi 55 cikin ɗari suka zaɓi zama cikin Birtaniya, Salmond ya sanar da murabus washegari, kuma ba a garƙame kowa ba.

Kataloniya kuwa, wani yanki na ƙasar Sifaniya, ta yi gaban kanta ta gudanar da zaɓen raba gardama kan ɓallewa ranar 1 ga Oktoban 2017, bayan Kotun Tsarin Mulkin Sifaniya ta dakatar da zaɓen. 'Yan sanda sun kutsa rumfunan zaɓe suna ƙwace akwatuna, suna dukan masu layi da kulake. Gwamnatin Madrid ta yi amfani da sashe na 155 na tsarin mulkin ƙasar ta rushe gwamnatin yankin, shugaban gwamnatin yankin Carles Puigdemont ya tsere zuwa Beljiyam, mataimakinsa Oriol Junqueras kuma aka yanke masa ɗaurin shekara 13, ba tare da wata ƙasa ta amince da 'yancin da yankin ya ayyana bayan zaɓen ba.

A ganina hanyar Sikotland ta fi, amma ta bar baya da ƙura: a 2022 Kotun Ƙolin Birtaniya ta hana ta sake ƙuri'a sai da izinin majalisar Landan.