Maɓallin gareji na jikin madubin motata, bayan shekara uku da dare ɗaya

Duk wanda ya taɓa shiga tokumbo 'yar Amurka a Kano ko Yamai, da wuya bai ga wasu 'yan maɓallai uku ba a ƙasan madubin tsakiya, ko a jikin abin kare rana, da zanen ɗan gida a kusa da su. A can gida yawanci ba su da wani aiki, tunda mu get gare mu, da an yi hon maigadi ko yaro ya zo ya wangale. A nan Amurka kuwa da su ake buɗe gareji. Kuma ba garejin bakanike nake nufi ba, ɗakin kwanan mota ne da ke manne da gida, mai ƙofar da ke naɗewa sama, inji na rataye a silin yana jan ta. A yawancin gidaje akwai wata ƙaramar ƙofa daga cikinsa da za ta kai ka kicin kai tsaye. A riƙe wannan ƙaramar ƙofar, za mu dawo kanta.

Na shekara uku ina amfani da maɓallin nan a gidanmu da ke gefen Kolombus a jihar Ohayo. Wanda ya fi yawa a motoci shi ne HomeLink, na kamfanin Gentex da ke Mishigan, wanda ya saye shi daga hannun Johnson Controls a 2013 kan dala miliyan 700. Aikinsa ba wani ɓoyayyen abu ba ne: yana koyon siginar rimot ɗin garejinka, daga nan ya riƙa aikawa a madadinsa.

Haɗa shi bai ɗauke ni minti goma ba. Za ka riƙe rimot ɗin dab da madubi, ka danne shi tare da maɓallin motar har ɗan hasken ya koma ƙiftawa da sauri. Sai ka hau tsani ka danna maɓallin koyo na jikin injin silin, ka samu daƙiƙa talatin ka dawo mota ka ƙarasa. Ni na hau tsanin, uwargida ta zauna a mota, muka yi ta ɗaga wa juna murya har ƙofar ta motsa.

Daɗinsa kuwa sai wanda ya yi hunturu a nan zai gane. Ka taso daga aiki ƙarfe goman dare a watan Janairu, dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina, tun daga kwana ka danna da yatsa ɗaya, kafin ka iso ƙofa ta tashi, fitila ta kama. Babu batirin da zai mutu maka, babu laluben rimot a ƙarƙashin kujera. Ta wani gefen ma ya fi rimot tsaro, domin rimot ɗin da ake maƙalawa a abin kare rana ana hango shi ta gilashi, kuma ɓarawo na iya jefa shi aljihu ya dawo bayan kwana uku lokacin da ba kowa a gida. Wannan kuwa yana jikin mota, ba ya ɗaukuwa. Shekara biyu cur ban yi masa wani tunani da ya wuce wannan ba.

Abin da ya sauya shi ne garejin ya cika. Kun san halinmu. Firizar naman layya, buhunan shinkafa, kekunan yara, da ganguna biyu na kayan da za a aika gida waɗanda har yau ba su tafi ba. Motar uwargida ce kawai ke samun wuri a ciki, tawa ta koma kwana a waje, hancinta na kallon ƙofar.

Wata asuba uwargida ta sauka kicin, sai na ji ta ƙwala min kira: “Baban yara, kai ka bar gareji a buɗe?” Na sauko na tarar da ƙofa a wangale, iska mai sanyi na shigowa har falo. Ƙofar motata ta gefen direba ba ta rufu sosai ba, an zazzage akwatin gaba, takardu a warwatse kan kujera. Ba a fasa gilashi ba, ni ne na manta ban kulle ba da na sauke cefane. An ɗauke keken babban ɗanmu da akwatin kayan aikina. Asarar ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ya hana ni barci mako guda shi ne waccan ƙaramar ƙofar ta kicin, wadda tunda muka tare a gidan ba mu taɓa sa mata makulli ba, saboda a tunaninmu gareji ai cikin gida ne. Tsakanin inda mutumin ya tsaya da matakalar ɗakin yara taku goma ne ko ƙasa da haka.

Ɗan sandan da ya zo ɗaukar rahoto tambaya ɗaya ya yi min: shin maɓallin yana aiki idan mota a kashe take? A gabansa na gwada. Makulli na cikin gida, mota a mace, na miƙa hannu na danna, ƙofa ta tashi kamar tana jirana.

Daga baya na bi motocin abokai ina gwadawa, har suka fara min dariya. Abin ya rabu biyu. A wasu motocin maɓallin ba ya samun wuta sai an kunna mota, a wasu kuma kullum a raye yake, ko da makulli yana wata jiha. Masu ƙera motar ne ke zaɓar yadda za su ja masa waya, kuma a ganina zaɓi na biyun kuskure ne, domin amfaninsa kaɗan ne, haɗarinsa kuwa na gan shi da idona. An rubuta a littafin motata, a wani shafi can ciki da ban taɓa buɗewa ba. To, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ko mota ba a ƙofar gida take ba, maganar ba ta ƙare ba. Takardar rajista da ta inshora da ke cikin akwatin gaba suna ɗauke da adireshinka. Taswirar motar ma, yawancinmu mun adana mata inda gida yake, taɓawa ɗaya za ta kai mutum har bakin ƙofa. Wanda ya saci motarka a filin ajiye motoci na filin jirgi ya samu abubuwa uku a lokaci guda: adireshi, mabuɗi, da tabbacin cewa ka yi tafiya. Haka nan duk wanda ka miƙa wa makulli, bakanike ne ko mai wanki ko yaron otal da ke ajiye wa baƙi motoci. Galibinsu mutanen kirki ne, amma da can idan zan ba da mota nakan cire makullin gida daga zobe. Wannan ba ya ciruwa.

Da na ba da labarin a masallaci bayan Juma'a, wani yayana ɗan Maraɗi da ke aikin kwamfuta ya ce, “Kai ƙanena, ai yanzu ba sai sun taɓa motarka ba, daga nesa suke kama sigina.” Yana da gaskiyarsa, amma sai an bambance. Tsofaffin injunan gareji lamba ɗaya suke amfani da ita har abada, wadda ake saitawa da 'yan ƙananan makunnai a cikin rimot. Mai makunnai 8 lambobi 256 kacal gare shi, mai 12 kuma 4,096. A 2015 wani masanin tsaron kwamfuta, Samy Kamkar, ya ɗauki wani abin wasan yara na aika saƙo na kamfanin Mattel, ya sauya masa manhaja, ya nuna yana buɗe irin waɗannan ƙofofi cikin ƙasa da daƙiƙa goma. Tun tsakiyar shekarun 1990 aka koma lamba mai sauyawa, wato duk dannawa da sabuwar lambarta, wadda aka yi amfani da ita kuma ta mutu. Ita ma Kamkar bai ƙyale ta ba. A shekarar dai, a taron masana tsaron kwamfuta na DEF CON a Las Begas, ya nuna wata na'ura ta kimanin dala 30 mai suna RollJam. Idan ka danna, sai ta toshe siginar ta naɗe ta. Ka ga ƙofa ba ta tashi ba ka sake dannawa, ta naɗe ta biyun ta saki ta farkon. Ƙofa ta buɗe, kai ka shige abinka, ita kuma tana riƙe da lamba ɗaya mai rai.

Maɓallin mota ba ya ƙara wa wannan komai, ba ya ragewa. Abin da injin silin ke ji shi yake faɗa, idan injin tsoho ne mai lamba ɗaya, to sabuwar motarka ma lamba ɗayar za ta riƙa aikawa. Mai irin wannan injin ya sauya shi kawai. Amma ga sauranmu, zama ana fargabar masu na'ura alhali mota na kwana a waje da maɓalli a raye, barin jaki ne ana dukan taiki. Wanda ya shiga gidana bai zo da komai ba, hannun ƙofa yake bi yana ja gida-gida har ya dace da tawa.

Gyaran da na yi bai ci kuɗi sosai ba. Na sa wa ƙofar kicin makulli mai sakata, kuma yanzu ana kulle ta kamar ƙofar waje. A jikin maɓallin bango na cikin gareji akwai wani ɗan madanni na kullewa, wanda idan ka kunna shi injin ya daina sauraron duk wani rimot, har da na mota, sai na bangon kaɗai ke aiki. Shekara biyu ina wuce shi ban san amfaninsa ba. Yanzu bayan sallar isha'i nake danna shi. Takardun mota kuma sun bar akwatin gaba sun koma walat, na goge gida daga taswira na adana wani shago da ke bakin titinmu a madadinsa.

Akwai abu biyu da ya kamata duk mai wannan maɓalli ya iya, kuma mutane suna rikita su. Goge na mota daban, goge na inji daban. A mota, ka danne maɓallan gefe biyu tare, daƙiƙa goma zuwa ashirin, har hasken ya koma ƙiftawa da sauri. Wannan yana share duka ukun, domin ba a share ɗaya shi kaɗai, sai dai a ɗora masa wani. Shi ake yi kafin a sayar da mota ko a mayar da ta haya. Mutane da yawa ba sa yi, shi ya sa ba abin mamaki ba ne a samu motar da ke yawo a Kwatano ko Kano har yanzu tana riƙe da lambar garejin wani a Teksas. Idan kuwa an sace motar ne, ba ta hannunka balle ka goge, sai ka koma kan tsani. A injina da irinsa da yawa, danne maɓallin koyo kamar daƙiƙa shida har fitilarsa ta mutu yana sa ya manta da duk rimot ɗin da ya sani, sai ka sake haɗa waɗanda suka rage maka ɗaya bayan ɗaya. A yi shi ranar da abin ya faru, kada a bari sai gobe.

Hukuncina ya danganta da inda mota ke kwana. Wanda tasa ke kwana a cikin gareji, na ba shi shawarar ya haɗa, zai ji daɗinsa, kuma ya fi rimot mai yawo. Wanda tasa ke kwana a waje ya fara gwadawa da mota a kashe. Idan ƙofa ta tashi, gara ya goge ya sayi ƙaramin rimot na jikin zoben makulli, wanda zai shiga ɗaki tare da shi.

Ni ban goge nawa ba, sanyin Janairu ya fi ƙarfin niyyata. Na dogara da madannin bangon ne, kuma yana da nasa ciwon kan: sau biyu ke nan ina fita da sassafe ta ƙofar gaba ban kashe shi ba, na dawo da dare ina ta danna madubi ƙofa ta ƙi motsi, sai na kira uwargida a waya ta sauko ta buɗe min. Ta ce idan na gaji da wannan, na san hanyar da za a bi, in aika gangunan nan biyu gida motata ta samu wurin kwana.