Omron M2: na'urar da muke bin tattakin Baba da ita

Wannan na'urar awon jini ta damtse ce, mai aiki da batir huɗu, maɓalli ɗaya kawai ake dannawa. Na saye ta ne saboda Baba, wanda ciwon suga da tsohuwar sigari suka bar masa toshewar jijiyoyin jini a ƙafa. Kafin ya kai masallacin unguwa sai sha-raɓarsa ta ɗaure, dole ya jingina da katanga har ta sake shi.

Likita ya ce tattaki na cikin maganinsa: minti 30 zuwa 45, sau 3 a mako, aƙalla mako 12. Ya yi ta tafiya har ciwon ya taso, ya huta, ya ci gaba. Amma ya ja mana kunne cewa masu wannan cuta jininsu kan hau fiye da na sauran mutane in suna tafiya, domin tsokar da jini bai ishe ta ba tana aika saƙo ta jijiya, zuciya ta ƙara bugu, hanyoyin jini su matse. Nan na ga amfanin na'urar. Baba na zaune za ta nuna 135 bisa 80, ka ce lafiya lau. Yana tsayawa da ciwon ƙafa, in na ɗaura masa nan take, na saman ya wuce 180. Wannan lambar muke rubutawa a littafi mu kai asibiti, da ita likita ya tsara masa saurin tafiyar.

Lambobinta manya ne, Baba na karanta su ba tabarau, kuma awonta na zuwa kusa da na ma'aikaciyar jinya. Sai dai kada ka sa ran za ta auna mutum yana tafe. Duk na'ura irin wannan tana buƙatar hannu ya natsu, yana motsi sai ta nuna alamar kuskure. Jinin kuwa da an tsaya yake fara sauka, don haka nakan bar masa maɗaurin a damtse, ina riƙe da na'urar a jaka.

Abin da na fi gode mata shi ne ita ta fara nuna mana awon hannun damansa ya fi na hagu hawa sosai. Likita ya ce toshewar kan shafi jijiyar hannu ma, kullum mu auna a hannun da ya fi hawa. Awon jinin idon sawu da ake raba lambarsa da ta hannu don gano cutar, wanda sakamakon 0.90 zuwa ƙasa ke nuna matsala, aikin asibiti ne, kada a gwada da wannan a gida.

Kafin ka biya kuɗi, auna damtsen mai ita da tef ɗin tela, ka duba girman da aka rubuta a kwalin. Maɗauri in ya yi ƙanƙanta yakan ƙara wa lambar, ya tayar wa dattijo hankali a banza.