Batirin dalma ko na lithium: wanne za a haɗa da sola a Garwa ta Kamaru?

Tun da na sa sola a shagona, kullum sai an tambaye ni: "Malam, wane batir zan saya?"

Na dalma tsohon hannu ne, Gaston Planté ya ƙirƙiro shi a Faransa a 1859. Yana da araha, kowane mai gyara ya san shi. Sai dai zafinmu na watan Afirilu, da ke haura digiri 40, yana cin ransa. Nawa na farko, ruwansa ya ƙafe, kan ya yi farin gari, bai kai shekara biyu ba. Kuma in ana zuƙe shi fiye da rabi, saurin mutuwa yake.

Na lithium, irin wanda ake kira LiFePO4, da tsada, ba wasa. Amma ana lulluɓe ƙwayoyin sinadarinsa da siririn rufin kabon don wuta ta ratsa da sauƙi, kuma akwai na'urar da ke auna zafi da caji, ta yanke wuta kafin ya lalace. Yana jure caji sau dubbai. A kula da jabu dai.

Mai ƙwan fitila biyu da cajin waya, na dalma ya ishe shi. Mai firji da ke sayar da ƙanƙara, ya daure ya tara kuɗin lithium.