DDU: manhajar da nake ajiyewa a filashi saboda ranar da allo ya birkice

In kwamfutarka ta kwana lafiya, cikin dare ta yi sabuntawar Windows, da safe kuma allo ya fara ƙifce-ƙifce ko ya koma baƙi ƙirin, kada ka yarda a yi mata fomat tukuna. Akwai wata 'yar ƙaramar manhaja mai suna Display Driver Uninstaller, wadda masu harkar ke gajarcewa DDU, ta Wagnardsoft. Kyauta ce, ba ta da nauyi, kuma aiki ɗaya ta sa a gaba: ta tumɓuke direban katin girafik, wato manhajar da Windows ke sarrafa katin nuna hoto da ita, daga tushe, na NVIDIA ne ko na AMD ko na Intel, domin ka zuba sabo a fili mai tsabta. Na daɗe ina aiki da ita, na san inda take da amfani da inda ba ta tsinana komai.

Sana'ata haɗa bidiyon biki ce. Kamu, ɗaurin aure, dina, walimar sauka, duk ana kawo mini. Kwamfutar da nake aiki da ita ta tebur ce, 'yar hannu, wadda na saya daga wani da ya yi wasanni da ita shekaru, daga baya na cire katin da ta zo da shi na sa wani na wani kamfani daban. Ta yi ta aiki ba tare da ƙorafi ba har lokacin da aka daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, na ga ya kamata in koma Windows 11. Ƙaurar ta tafi lafiya. Washegari ne na ɗora aikin wata amarya, hoto ya tsaya cak, allo ya ɗauke kamar an ɗauke wuta, ya dawo, manhajar haɗa bidiyo ta rufe kanta. Na sake, ta sake. Ga uwar amarya tana ta bugo waya, don dangin da ke Saudiyya suna jiran a tura musu.

Abin da ke faruwa a ciki ba asiri ba ne. Tun zamanin Windows Vista aka sa wani mai gadi da ke lura da katin girafik, ana kiransa TDR. Idan aka ba katin aiki ya yi daƙiƙa 2 bai amsa ba, sai Windows ta kashe direban ta sake tayar da shi. Wannan ne ɗaukewar da kake gani. In tayarwar ta yi nasara, aiki ya ci gaba, sai dai manhajar da ke hannunka ta iya faɗuwa. In ba ta yi ba, ka ga allon kuskure, shuɗi ko baƙi, ɗauke da VIDEO_TDR_FAILURE, a ƙasa kuma sunan fayil ɗin da ya faɗi: nvlddmkm.sys na NVIDIA ne, atikmpag.sys ko amdkmdag.sys na AMD, igdkmd64.sys na Intel. Ka ɗauki hoton allon da wayarka kafin ya wuce, domin wannan sunan shi zai gaya maka wane direba za ka bi.

Dalilin da babbar sabuntawa ke tono irin wannan shi ne, ba faci take yi ba, kusan sake zuba tsarin take gaba ɗaya, sannan ta zaɓa wa katin direban da ta ga ya dace da shi. A kwamfutar da ba ta da tarihi, wannan ba matsala. Amma tawa tana ɗauke da ragowar direbobin tsohon mai ita, da na katin da na cire, da duk waɗanda na yi ta zubawa a kan juna tun daga lokacin. Cirewa ta hanyar da aka saba ba ta kwashe komai. Akwai kwafi da ke zaune a cikin DriverStore, ma'ajiyar direbobi ta Windows, akwai rubuce-rubuce a rajista, kundin saitunanta, akwai saituna a manyan fayiloli da ba ka taɓa buɗewa ba. Sabuwar Windows ta zo ta tarar da wannan tarkace, wani fayil daga nan wani daga can.

Kafin DDU akwai ƙananan magunguna, kuma ni da su nake farawa. Danna maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B lokaci guda yana sake tayar da direban. Za ka ji ƙara kaɗan, allo ya ƙifta, wani lokacin shi ke nan. A cikin Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin kwamfuta, akwai Roll Back Driver da ke mayar da kai kan direban baya, idan Windows ta ajiye shi. A wurina maɓallin a dushe yake, babu abin komawa. Sannan bayan babbar sabuntawa kana da kwana 10 da za ka iya komawa tsohuwar Windows ɗinka daga cikin Settings, bayan nan ta share hanyar. Su ma kamfanonin suna da nasu: NVIDIA na da akwatin zubi mai tsabta a cikin manhajar girkawa, AMD na da Cleanup Utility. Duk wanda ɗaya daga cikin waɗannan ya warkar masa, ba ruwansa da DDU. Ni dai ƙiftawar ta ragu amma ba ta tafi ba.

Na yi wa wani mai gyara da nake hulɗa da shi bayani ta waya. Bai bari na kai ƙarshe ba ya ce, "Maigida, wannan ai sai fomat. Turo yaro da ita da yamma." Ban ga laifinsa sosai ba, fomat na warkar da kusan komai kuma ba ya buƙatar dogon tunani. Sai dai shi ba ya lissafin abin da ke biyo baya: sake zuba manhajar haɗa bidiyo, neman lasisinta, haruffan Larabci da na boko da na tara don rubuta sunan ango da amarya, saitin launi da na ɓata watanni ina daidaitawa, ga datar da za a ƙona ana sauke komai daga farko. Wuni biyu ke nan ba aiki, a tsakiyar kakar bukukuwa.

Yanzu ga DDU kanta. Rabin nasararta yana cikin shirin da ka yi kafin ka buɗe ta, kuma nan ne mutane ke zamewa. Ka fara sauke sabon direban daga shafin kamfanin katinka ka ajiye. Na manyan katuna kan haura megabait 600, don haka ka yi shi lokacin da datarka ke da araha. Bayan nan ka cire wayar intanet, ka kashe Wi-Fi. Wannan ba ƙa'idar banza ba ce. Da zarar Windows ta farka ta ga katin ba direba, za ta ruga ta sauko da nata kafin ka ankara, ka koma gidan jiya. Sai ka shiga Safe Mode, inda Windows ba ta ɗora direban katin ba, don haka ba ta riƙe da fayilolin da za a goge: riƙe Shift ka danna Restart, ka bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, ka zaɓi lamba 4. Abu biyu ka tabbatar suna hannunka kafin wannan mataki. Na farko ainihin kalmar sirrin asusunka, ba lambobin PIN kaɗai ba, domin akwai kwamfutocin da ba sa karɓar PIN a can. Na biyu, in rumbun ajiyarka a kulle yake da BitLocker, mabuɗin ceto mai lambobi 48 ya zama a rubuce a takarda ko a waya. Masu kwamfuta 'yar hannu su kula da wannan musamman, don mabuɗin kan kasance a asusun tsohon mai ita. Kuma kada ka fara sai da tabbacin wuta. Ni janareta na tayar duk da akwai ta gari.

Fuskar manhajar ba ta da ado ko kaɗan, kamar daga wani tsohon zamani aka ɗauko ta. A dama ka zaɓi irin na'urar da kamfaninta, a hagu manyan maɓallai uku: a share a sake kunnawa, a share a bar ta a kunne, a share a kashe gaba ɗaya. Na ukun don wanda zai canja kati ne, kuma da tsohon mai kwamfutata ko ni mun bi ta nan ranar canji, da ba a kai ga wannan labari ba. Abin da na fi so shi ne tana iya ajiye wurin komawa, wato yanayin da za a iya mayar da Windows in an samu matsala, kafin ta taɓa komai, sannan tana rubuta abin da take gogewa layi bayan layi kana kallo. Na yi zagaye biyu, ɗaya ga kamfanin katin da na cire tuntuni, ɗaya ga na yanzu. A zagayen farko na ga jerin abubuwan da ta kwaso na katin da ya daɗe da barin akwatin, na riƙe baki. Duka aikin bai kai lokacin shan shayi ba.

Da ta tashi, gumaka sun yi ƙato-ƙato, allona na biyu ya ƙi kawowa. Yaron shagona ya ce, "Oga, ta ƙara lalacewa fa." Ba ta lalace ba. Windows ce ta koma kan direban wucin gadi, wanda ke bayyana da sunan Microsoft Basic Display Adapter, kuma ganinsa ne shaidar cewa sharar ta yi. Na zuba wanda na ajiye, na sake kunnawa, sai a nan na mayar da intanet. Bidiyon amarya ya fita a daren.

Wane direba za a zuba bayan shara, DDU ba za ta zaɓa maka ba, kuma mafi sabo ba kullum ne mafi alheri ba. Mai haɗa bidiyo da katin NVIDIA ya fi dacewa da layin Studio, wanda ba ya sauyawa da saurin na 'yan wasa. Mai tsohon kati kuma ya san inda aka tsaya da shi: katunan tebur na zuriyar Kepler, wato yawancin GTX 600 da 700, layin 470 ne na ƙarshensu tun 2021, haka AMD ta sallami HD 7000 da R9 200 da 300 da Fury a shekarar. Irin waɗannan katuna ne cike da kasuwar kayan hannu a wurinmu. In ka share direbansu ka sauko da na yayi, zai ƙi shiga, ka zauna kana zargin DDU a banza. Masu laftof su fara duba shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, musamman mai katuna biyu, ƙarami na cikin firosesa da babba na aiki mai nauyi. A irinsu nakan zuba na ƙaramin tukuna.

Tana da inda ba ta burge ni ba. Shararta ba ta san naka da na wani ba, duk saitin da ka yi a allon sarrafa katin zai tafi, don haka ka ɗauki hotonsu kafin ka fara. Shafin zaɓuɓɓukanta cike yake da akwatuna da Turancin masana, babu bayanin da zai wadatar da sabon shiga. Shawarata a bar su yadda aka same su. Ɗaya daga cikinsu na hana Windows sauko da direbobi da kanta, abu mai kyau a ranar aiki, amma in ka manta ba ka mayar ba, wata rana ka jona sabuwar na'ura ka rasa dalilin da ya sa ba ta kawo ba. Sunanta kuma ya yi fice har shafuka barkatai na rarraba ta. Daga shafin Wagnardsoft ko Guru3D nake ɗauka, ban da ko'ina. Akwai kuma masu wuce gona da iri, duk fitowar sabon direba sai sun yi DDU. Wannan wahalar da kai ce. Kwamfutar da ke aiki lafiya, zuba sabo a kan tsoho ya ishe ta.

Wani amfaninta da ba a cika faɗa ba shi ne raba gardama tsakanin ciwon manhaja da ciwon ƙarfe. Wani abokin sana'a ya kawo mini laftof ɗinsa da labari irin nawa: an yi sabuntawa, allo ya fara ɗaukewa. Muka yi shara, muka zuba direban kamfanin laftof ɗin, ta yi shiru na ɗan lokaci, da aka ɗora mata aiki ta koma. Device Manager ya nuna alamar rawaya da Code 43, wato katin da kansa ya kai ƙarar matsala Windows ta dakatar da shi. Muka gwada tsohon direba, haka. Na sa hannu wajen fitar iska, zafi kamar na dutsen guga, fanka na ihu amma iskar ba ta fita. Sabuntawar ba ta da hannu a ciki, sai dai ta sa na'urar aiki mai nauyi na awanni, ta fallasa abin da ke kwance. Wata alamar da ba ta ƙarya ita ce zane-zane ko ɗigo-ɗigo masu launi tun a tambarin farko, kafin Windows ta tashi. A lokacin ba a ɗora direba ba tukuna, don haka babu sharar da za ta taɓa su. Wannan karon ni na ce a kai wa mai gyara. Da ya buɗe ta, ƙurar hunturu ta toshe ƙofar iska ta yi kauri, man da ke tsakanin katin da ƙarfen sanyaya ya bushe ya farfashe. Ya busa, ya sa sabon mai, ya karɓi kuɗin aikinsa, ba a taɓa ko fayil ɗaya na mai ita ba.