An rufe maka asibiti: ƙorafi ga hukuma ko zuwa kotu?

Masu ƙananan asibitoci da ɗakunan haihuwa a Bichi, Rano da Gaya suna yawan tambaya: idan PHIMA, hukumar kula da asibitoci masu zaman kansu ta Jihar Kano, ta garƙame wuri ko ta yanka tara, a koma wajenta ne, ko a shigar da ƙara?

Kowacce ka ɗauka, sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ka haƙƙin a ji ta bakinka. Fara neman takardar da ta fayyace laifin, da ranar dubawa, da wa'adin gyara. Kada ka ɓalle kwaɗon, ƙarin laifi ne.

Ƙorafi ya fi arha: wasiƙa, kwafin lasisi, shaidar rajistar ma'aikata, hotunan gyara, sai kuɗin mota zuwa Kano. Ka tabbata an buga hatimin karɓa a kwafinka, don maganar fatar baki ba hujja ba ce. Rauninsa, wanda ya hukunta ka shi zai sake dubawa.

Kotu tana cin kuɗin lauya da watanni, masu juna biyu kuwa ba sa jira. Amma alƙali yana iya soke hukuncin da aka yanke ba a saurare ka ba. A kula da lokaci: dokar kare jami'an gwamnati wata 3 ta bayar a shigar da ƙara a kansu, kuma jiran amsar ƙorafi yana iya cinye su.

Wanda laifinsa tabbas ne kuma mai gyaruwa, kamar lasisin da ya ƙare, hukuma ta fi masa. Wanda aka rufe ba takarda, ba sauraro, ya nemi lauya tun makon farko.