Wasiƙa daga Bankok: akwai wuta da asibiti, amma ba a yarda da mai karɓar haraji ba

Assalamu alaikum Kawu, da fatan kuna lafiya tare da iyali baki ɗaya. Kun nemi in rubuto muku yadda kaya da hidimomi suke a ƙasar Tailan idan aka gwada su da namu na gida, sannan kuka ƙara da tambayar ko mutanen nan suna biyan haraji da daɗin rai, tun da ana cewa gwamnatinsu tana yi musu aiki. Amsar wannan tambaya ta biyu ta saɓa da abin da muka saba faɗa wa juna a majalisa, shi ya sa zan fi tsawaita magana a kanta.

Wutar lantarki a Bankok ba ta ɗaukewa sai da dalili mai ƙarfi, kamar iska ko gyara, kuma a duk layin shagunan da nake hulɗa da su a kasuwar tufafi ta Pratunam ban san mai janareta ba. Kuɗin yunit ɗaya yana kusa da bat 4 (bat shi ne kuɗin ƙasar), ana biya ta waya ko a kantin 7-Eleven, alhali dala ɗaya ta ɗan haura bat 30. Ruwan famfo yana zuwa dare da rana, ko da yake yawancin mutane ba sa shansa kai tsaye, sun fi sayen tacacce a injinan bakin titi da ke ba da lita ɗaya a kan bat 1. Farantin shinkafa da kaza a wajen mai abinci bat 50 ne zuwa 60, mafi ƙarancin albashin lebura a birnin kuwa bat 400 ne a rana. Jirgin ƙasa na sama ya fara aiki a 1999, na ƙarƙashin ƙasa a 2004, kuma dukansu suna da tsabta da kiyaye lokaci, sai dai kamfani mai zaman kansa ne ya gina na saman da kuɗinsa tun farko, don haka tikitinsa ya yi wa mai ƙaramin ƙarfi tsada. Leburan da ke karɓar bat 400 ba zai iya kashe bat 80 ko 90 kullum a zuwa da dawowa ba, sai ya hau tsohuwar bas marar na'urar sanyi ta bat 8, ya sha cunkoso.

Abin da ya fi burge ni shi ne asibiti. Tun 2002 ƙasar take da tsarin lafiya na kowa da kowa, wanda aka fi sani da tsarin bat 30, inda ɗan ƙasa da ba ma'aikacin gwamnati ko na kamfani ba ne zai je asibitin da aka yi masa rajista, a duba shi, a ba shi magani, har a yi masa tiyata, ba tare da danginsa sun sayar da gona ba. Akwai dogon layi, wasu tun kafin asuba suke zuwa karɓar lamba, amma magani yana nan. Da kuɗin haraji ake ɗaukar nauyin wannan tsari.

Duk wanda ya ga haka zai zaci mutanen Tailan suna rige-rigen zuwa ofishin haraji, amma lissafin ya nuna akasin haka. Al'ummar ƙasar ta kai kimanin miliyan 66, masu aiki a cikinsu kusan miliyan 40, waɗanda ke cike takardar harajin kuɗin shiga ba su wuce miliyan 11 zuwa 12 ba, sannan waɗanda a ƙarshe suke biyan wani abu kusan miliyan 4 ne kawai. Wani ɓangare na wannan giɓi halal ne a doka, domin bat 150,000 na farko bayan an cire rangwame ba a ɗora masa haraji, kuma samun mutane da yawa bai kai nan ba. Sauran kuwa ya samo asali ne daga yadda kusan rabin ma'aikatan ƙasar suke sana'ar da ba ta cikin kundin kowa: manoma, 'yan acaɓa, masu abinci, masu sayar da kaya ta intanet. Nauyin sai ya koma kan mai albashin wata, wanda ake cire masa tun kafin kuɗin ya shiga hannunsa, kuma mafi girman kaso yana kaiwa kashi 35 cikin 100. A bakin irin waɗannan ma'aikata na fi jin ƙorafi mai zafi, suna ganin kura ce da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Ba daidai ba ne a ce talaka ba ya biyan komai. Harajin sayayya, wato VAT, kashi 7 ne a nan, ɗan ƙasa da namu na kashi 7.5, kuma yana cikin farashin sabulu da katin waya da man babur. A dokar ƙasar kashi 10 ne, amma tun ƙarshen shekarun 1990 ake ta sabunta ragin zuwa 7, domin babu gwamnatin da ta yarda ta zama ita ce ta ƙara shi.

Dabarun ƙananan 'yan kasuwa ba za su ba ku mamaki ba. Biyan kuɗi ta waya ya game ko'ina, har mai gasa ayaba tana da lambar da ake haskawa a tura mata bat 20. Amma wata doka ta 2019 ta wajabta wa bankuna su sanar da hukumar haraji duk wanda aka tura wa kuɗi sau 3,000 a shekara, ko sau 400 idan jimlar ta kai bat miliyan 2. Daga nan sai masu shaguna suka fara rarraba cinikinsu tsakanin asusun miji da na mata da na ƙanwa a bankuna daban-daban, wasu kuma suna rage farashi ga wanda ya biya da tsabar kuɗi. Wanda cinikinsa ya haura bat miliyan 1.8 a shekara dole ya yi rajistar VAT, saboda haka za ku tarar da shago ɗaya mai suna biyu a takarda. Lokacin annobar korona gwamnati ta kawo shirin da take biya wa mai saye rabin kuɗin abinci ta manhajar waya, ciniki ya buɗe, amma daga baya wasu masu shaguna suka cire allon shirin saboda tsoron kada a bi sawun cinikin a zo musu da lissafin harajin baya.

Idan aka tambaye su dalili, ba sa cewa ba a yi musu titi ba. Manya suke nunawa. Dokar harajin filaye da gine-gine ta fara aiki a 2020, ta ɗora kaso mai nauyi a kan filin da aka bari fayau, ta sassauta wa ƙasar noma ƙwarai. Cikin ɗan lokaci sai filaye masu darajar biliyoyin bat a tsakiyar Bankok suka cika da shukar ayaba da lemon tsami, an jera su tsakanin dogayen benaye, ba don kasuwa ba, sai don a rubuta wurin a matsayin gona. Duk mai wucewa a jirgin ƙasa na sama yana hango su ta taga, kuma ya san abin da ake nufi. Harajin gado, wanda aka fara a 2016, bai shafi kowa ba sai abin da ya haura bat miliyan 100, kuma 'ya'ya kashi 5 kawai suke biya a kan rarar. Tsofaffi kuwa har yanzu suna tuna watan Janairun 2006, lokacin da iyalan firaminista Thaksin Shinawatra suka sayar wa kamfanin Temasek na Singafo hannun jarinsu na Shin Corp a kan kimanin bat biliyan 73 ba tare da an biya harajin riba ba. Zanga-zangar da ta biyo baya tana cikin abubuwan da suka share fagen juyin mulkin watan Satumba na 2006. Abin lura shi ne, Thaksin ɗin nan shi ne wanda gwamnatinsa ta kawo tsarin asibitin bat 30, don haka mutum ɗaya yana iya gode masa da safe ya zarge shi da yamma.

Dalili na biyu shi ne inda kuɗin ke tafiya. A arewacin Bankok an daɗe ana ganin ginshiƙan siminti na aikin Hopewell, hanyar jirgi da mota ta sama da aka ƙulla yarjejeniyarta a 1990 aka soke a 1998, aka bar ginshiƙai tsaye da shari'ar diyya ta shekara da shekaru. A lardin Samut Prakan an kashe kimanin bat biliyan 23 a matatar ruwan ƙazanta ta Klong Dan, kuma ba ta taɓa aiki ba. Sojoji da wasu hukumomi sun sayi ɗaruruwan na'urar gano bam mai suna GT200, wadda gwajin 2010 ya nuna ba ta fi canki-canka ba, bayan an riga an yi amfani da ita wajen tsare mutane a lardunan kudu na Pattani da Yala da Narathiwat, inda Musulmi suka fi yawa. Titin Rama na Biyu, wanda ke fita daga birnin zuwa kudu, ya shafe shekaru da dama ana aikinsa, ƙarafa da siminti suna faɗowa kan matafiya, har ya zama abin barkwanci mai ɗaci. Mafi muni shi ne na ranar 28 ga Maris, 2025, da girgizar ƙasar Myanmar ta iso Bankok: dogon bene guda ɗaya ne ya rushe gaba ɗaya a birnin, mai hawa kusan 30 da ake kan ginawa, ya hallaka mutane fiye da 90, galibinsu leburori. Benen kuwa sabuwar hedikwatar ofishin babban mai binciken kuɗin gwamnati ce, hukumar da aikinta shi ne tabbatar da cewa ba a yi algus a kwangila ba. Ban ga abin da ya zubar da ƙimar hukuma a idon 'yan kasuwar da na sani kamar wannan ba.

Akwai kuma rabon da bai yi daidai ba. Wani rahoton Bankin Duniya na 2012 ya nuna sama da kashi 70 na kuɗin da gwamnati ke kashewa a Bankok yake ƙarewa, alhali yankin arewa maso gabas da ake kira Isan, mai kusan kashi ɗaya cikin uku na al'umma, bai samu ko kashi 10 ba. Daga can yawancin direbobin tasi da masu aikin gini suke fitowa. Jirgin ƙasa mai gudun gaske da zai haɗa Bankok da Nakhon Ratchasima, ƙofar wannan yanki, an fara aikinsa a ƙarshen 2017 kuma an sha ɗage ranar buɗe shi. A zanga-zangar matasa ta 2020 an ga alluna da yawa ɗauke da kalmomin "harajina ne". Akwai ɓangarorin kasafi da doka ta sa ba a tattauna su a fili, ni kuma baƙo ne, don haka na bar su.

A gida mukan ce da za a ba mu wuta da ruwa da hanya, da mun biya haraji ba gardama. Abin da na gani a nan ya sa ina shakkar cewa wannan kaɗai ya isa. Talakawan Kano da Kaduna ba don rashin titi kawai suka yi murnar soke haraji da jangali a zamanin Abubakar Rimi da Balarabe Musa ba, sun yi ne domin sun san wanda ake matsa wa da wanda ake ɗaga wa ƙafa. Sabuwar dokar harajin Najeriya da ta keɓe naira 800,000 na farko a shekara za ta gamu da irin wannan tambaya, kuma gyaran hanyar Abuja zuwa Kano ba zai amsa ta ba muddin ɗan Kantin Kwari yana ganin masu rasit kala-kala a ƙofar shagonsa, mai gidaje goma kuma babu wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Bambancin da ba zan ɓoye ba shi ne, ɗan Tailan yana ƙorafinsa ne a ƙarƙashin fanka mai juyawa, da katin asibiti a aljihunsa.

Game da ƙanena da kuka ce yana son zuwa saro kaya, ku sanar da shi cewa duk wanda ya zauna kwana 180 a ƙasar cikin shekara ɗaya, doka tana ɗaukarsa mazauni ta fuskar haraji, kuma ana cike takardar ne kafin ƙarshen watan Maris. Idan ziyara ce ta 'yan kwanaki, zai iya karɓar kuɗin VAT ɗinsa a filin jirgi a kan kayan da ya saya na aƙalla bat 2,000 a rana ɗaya a kantin da ke cikin shirin, matuƙar ya nemi takardar tun a kantin da fasfo ɗinsa. Yawancin rumfunan Pratunam ba sa cikin wannan shiri, don haka kada ya sa wannan kuɗi a lissafin ribarsa. Ku gaida Inna da sauran mutanen gida.